Yafiyar da Aka Aike Ni Nema a Gabi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu komawa. Ya cika da hantsi a garkarsa ta bakin tabki, zaune a kan tsohuwar kujerarsa tsakanin zogale da albasa, da tabarau a hanci. Wani masunci da ya zo aron guga ne ya yi ta sallama ya ji shiru. Kafin azahar Madarumfa duk ta ji, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na girma, kuma tun ranar nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna cikin mata sai in ji kamar ana kirana a zaure, in na je zaure in tarar ba abin da ya kai ni. Da haka na riƙa tsintar maganganun masu gaisuwa, na ciki da na waje, ina riƙe da buta ko kwanon fura da ba wanda ya aike ni da su.

Masunta tare suka zo, da ƙarnin kifi a jikinsu, suna cewa, "Mushe mai taurari ya tahi." Mushe shi ne yadda muke kiran malamin makaranta, kuma da shi kowa ya san Kawu. Tsofaffin ɗalibansa na lakwal, wato makarantar boko, wasu har da furfura, suka yi ta tuna bulalarsa, suna dariya suna share hawaye. Wani mai amalanke daga Safo ya yi gaisuwa, ya shafa addu'a, ya tashi zai tafi, sai kuma ya dawo ya durƙusa gaban yayana, babban ɗan Kawu, ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah, mutanen nan na ƙarhe da sunka ƙi aiki, ya anka ƙare da su? Ya ce in na dawo kasuwa zai ida mani."

Yayana bai ma san su wa ake nufi ba. Shi mutumin mota ne da kayan kan iyaka, bai taɓa zama ya saurari labarin mahaifinsa ko guda ba. Mai amalanke ya jira, ya ga ba amsa, ya nemi takalmansa ya fita.

Maganar da ta hana gidanmu sukuni kuwa daga bakin masoyi ta fito. Malamin unguwarmu abokin Kawu ne tun suna samari, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da ya zo rufe addu'a sai ya ce, "Allah shi jiƙan shi, shi yahe mashi ƙaryace-ƙaryacen nan nashi na sama, kada a tambaye shi kansu." Maza suka ce amin, wasu da murmushi. Na tabbata ba da mugun nufi ya faɗa ba. Amma katangar gidanmu gajera ce, kuma Inna, matar Kawu, tana zaune a bayanta cikin takaba. Ta ji komai.

Daga nan abinci ya daina wuce mata. A kawo tuwo ta ture, a dama fura ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai Inna ta riƙe mata hannu ta tambaye ta ko ana tambayar mutum a kabari a kan labari. Aka aika wa malam, ya aiko cewa wallahi wasa yake yi, ta kwantar da hankalinta. Inna ta girgiza kai ta ce, "Wasa ne, amma cikin addu'a yac ce shi."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina jin haushi, kuma ina jin tsoro. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane karatu, ya ƙare tsufansa yana ban ruwa da hannunsa, sannan kalma guda ta zo ta manne masa. Ba zan yarda a taƙaita Kawu da maƙaryaci ba, ko da wasa ne.

Littattafai ne suka jawo masa. Tun yana koyarwa yake sayen su a ƙasa, wajen masu baza tsofaffin takardu a kasuwar Maraɗi, ƙanana na Faransanci masu jan ganye, waɗanda ba wanda ke tayawa. Duk labaran ƙirƙira ne na kimiyya: jirage masu ratsa taurari, duniyoyin da ba ruwa, injuna masu tunani. Shi "littattafan jibi" yake ce musu, wai sun wuce gobe. Da ya ajiye aiki sai ya koma juya su da Hausa, da baki, ga duk wanda ya zauna a inuwar garkarsa. Ba ya karɓar komai, sai dai in ka zauna za ka taya shi jan ruwa.

Juyawar nan ita ce wahalarsa, ita ce kuma jin daɗinsa. Kalma ɗaya takan hana shi sakat. Na tuna lokacin da ya yi ta zagaye tsakar gida yana neman yadda zai faɗi ɗan ɗakin nan na jirgi da ake shiga a rufe ƙofa ɗaya kafin a buɗe ɗaya. Inna tana tankaɗe, ya tsallake ta ya dawo ya sake tsallake ta, har ta ce ko dai ya zauna ko ya fita. Ya nufi waje a fusace, ya kai zaure, sai muka ji ya ƙwala kira: "Ga shi nan! Zaure ne! Jirgin ma zaure gare shi!" Tun daga ranar jiragen Kawu duk da zaure suke tashi. Sararin da ke tsakanin taurari kuwa ya sa masa suna dajin da ba ko ƙaya, kayan da matafiya ke sawa su fita cikinsa ya ce rigar numfashi.

Yana da maganar da ya cika maimaitawa, har muna kwaikwayonsa a bayan ido. Yakan ce masu rubuta littattafan nan ba yawo ke kai su wata duniya ba, suna hawa can ne don su hango gidajensu da kyau. Amma ka tambaye shi me abu kaza ke nufi a labari, ba zai faɗa ba. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce a miƙo masa guga.

A kan haka muka taɓa ɓatawa da shi. Na dawo hutu daga lise, wato sakandare, a Maraɗi, an koya mana yadda ake gane alama da kamance a rubutu, kaina ya yi girma. Na same shi a garka na zayyana masa: duniyar da ba ruwa fari ce, mutanen ƙarfe talakawa ne, jirgi kuma ƙasarmu. Na ce shi ke nan, ba wani ɓoye-ɓoye.

"To madalla," in ji shi. "Tunda kin gane, sai mu ba mai ƙosai littahin ta naɗe kaya."

Na ce ai haka aka koya mana.

"Mai amalanke in ya ji labarin mutanen ƙarhe, kanshi shika gani. Mai garkar da ke ɗaukar 'yan ƙwadago in ya ji, shi ma kanshi shika gani, ta ɗaya gehen. Jakin nan da shina jin Hausa, da ya ce da shi ake. Ke kuma kin zo kin ɗaure abu da igiya guda."

Na yi dariya amma ban sauka ba, shi ma bai sauka ba, har hutu ya ƙare muna gaisuwa sama-sama. Har gobe ina ganin ina da tawa gaskiyar. Da zan koma dai na tarar ya cusa mini littafi guda cikin jaka, a ƙarƙashin ƙullin busasshen zogale.

Ba ni kaɗai labaransa suka taɓa tunzurawa ba. Akwai wani direba da aka sani da sauke fasinja a daji in ya hango bincike a gaba. Wata rana a tasha Kawu yana jiran mota, ya ba mutane labarin wani jirgi da masu shi suka riƙa jefar da matafiya waje don ya yi sauƙin gudu, har suka isa inda za su, suka tarar ba mai buɗe musu ƙofa, domin masu sanin buɗewar suna cikin waɗanda aka jefar. Direba ya miƙe yana huci.

"Mushe, da ni kake! Kowa ya san da ni kake!"

Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ikon Allah. Ashe jirgi gare ka ban sani ba?"

Tasha ta kwashe da dariya. Direban ya rantse Kawu ba zai ƙara shiga motarsa ba, kuma ya cika rantsuwarsa. Ranar jana'iza na hango shi a cikin masu ɗaukar makara.

Duk waɗannan Inna ba ta damu da su ba. Ta ce mini ba wanda suka cuta. Guda ɗaya ce ke cin ranta, ita ce ta wata tsohuwa mutuniyar garin Gabi.

Tsohuwar nan wake take kawowa kasuwa. Ɗa guda gare ta, ya bi hanyar arewa neman aiki shekaru masu yawa da suka wuce, daga bakin hamada aka daina jin ɗuriyarsa. Wata ranar kasuwa ta tsaya shan ruwa a garkar Kawu, ta tarar yana ba masunta labarin jirgin da ke gudu har lokaci ya rage tafiya a cikinsa, waɗanda ke ciki su ga 'yan kwanaki suka yi, alhali a gida yara sun girma sun yi aure. Tsohuwa ta ajiye kwano ta ce a maimaita mata. Ya maimaita. Ta ce to ke nan wanda ke ciki bai san ya daɗe ba? Kawu ya ce e, na cikin bai sani ba, a wurinsa ko wankin rigar da ya tafi da ita bai isa ba.

Daga ranar, duk kasuwa sai ta zo. Ta sayar da wakenta ta gangaro bakin tabki ta zauna a gefe, Kawu ya ci gaba da labarin. A hankali wani saurayi ya shigo cikin jirgin, wanda na tabbata babu shi a kowane littafi: baƙi, dogo, ba ya son yaji, yana da tabo a gira. Ita ta riƙa faɗin kamanninsa, Kawu yana sakawa. Yau saurayin yana gyaran wata ƙofa, wani makon ya yi faɗa da mai dafa abinci, wani makon yana leƙen taga yana neman inda gida yake. Tsohuwa ta yi dariya, wani lokaci ta yi faɗa, ta ce halinsa ne, tun yana yaro haka yake.

Inna ba ta taɓa son abin ba. Na sha jin su.

"Mushe, ka ji tsoron Allah. Yaron nan rairayi ya rufe shi tuni. Ka hana matar nan ta dangana."

"Na gaya mata labari ne."

"Sau guda ka gaya mata. Labarin kuwa kullum kana ba ta."

Sai ya ɗauki hularsa ya fita. A nan kaɗai na taɓa ganin an kayar da Kawu a magana, amma bai daina ba ta labarin ba, har ciwon ƙafa ya hana tsohuwar zuwa kasuwa tun daminar bara.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna ta kira ni ɗaki. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta ce ta yi tunani ta gama. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, Ubangiji mai gafara ne, amma haƙƙin mutum sai mutum ya yafe da bakinsa. An yi shela a wajen jana'iza cewa duk wanda Kawu ya ɓata wa ya yafe, to tsohuwar ba ta wurin. Ita takaba ta ɗaure ta, ba ta fita. Yayana ya ce shi ba zai ƙona man motarsa zuwa Gabi a kan tatsuniya ba. Saura ni.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, kin san abin da kike aike na? Ba yadda zan ce ta yafe masa sai na ce mata ƙarya ya yi. In je in ƙwace wa tsohuwa abin da take riƙe da shi, in juyo in barta?"

"Ke kina tsoron ta yi kuka," in ji Inna. "Ni ina tsoron abin da mijina ke ciki yanzu. Ki tahi, ɗiyata. Ban iya haɗiyar komi in ba ki tahi ba."

Na fita na bar ta, na zagaye tsakar gida, na shiga ɗakin Kawu na tsaya gaban littattafansa kamar za su ba ni shawara, na fito. Wallahi a ranar har shi na ji wa haushi. Ya ƙulla abu ya tafi ya bar mu da kwancewa. In na je, na kashe wa wata ɗa. In ban je ba, ina kallo Inna za ta bi mijinta. Da safe na yafa mayafi na tare kabu-kabu.

Hanyar Gabi gero ya nuna dama da hagu, mutane sun duƙufa girbi. Ni ban ga kyan komai ba. Ina bayan babur ina jera magana ina rushewa. In ce littafi ne ya faɗa, ba shi ba? In ce masana sun ce abin yana yiwuwa, sai dai ba a kai ga yinsa ba? In nemi yafiya a dunƙule, ba tare da na faɗi ta mece ce ba, in koma in ce wa Inna an yafe? Wannan ta ƙarshen ta fi kwanta mini, sai dai na san Inna za ta dube ni ta ce in maimaita mata kalmomin da na faɗa.

Na sami tsohuwar a ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafafu masu kumburi, tana ɓarar wake a faifai. Ta gane ni tun kafin in gama sallama. Ashe ta ji rasuwar, wata 'yar kasuwa ta gaya mata. Ta yi mini gaisuwa, ta yi wa Kawu addu'a mai tsawo, ta ce ƙafa ce ta hana ta zuwa. Na durƙusa, duk abin da na shirya ya gudu.

"Iya, Inna ce ta aiko ni. Ta ce in roƙe ki ki yafe wa Kawu."

"Mi ya yi mani?"

Na dubi wake, na dubi hannuna. Na ce, "Labarin jirgin nan, Iya. Ba a yi irin jirgin ba tukuna. A littafi yake." Na ji muryata kamar ta wata.

Ba ta daina ɓarar wake ba. Ta ɓare kwanso guda, ta ɓare wani, sannan ta ɗago.

"Ɗiyata, yarinya kika ɗauke ni? Yaron da ya bar gidan nan ko takalmin kirki babu, wa zai sa shi jirgin taurari? Na sani tun Mushe bai kai rabin labarin ba."

Na ce to me ya sa take zuwa.

"Garin nan kowa in zai yi zancen ɗana, ko shi ce marigayi, ko shi ce ɗan banza da ya mance uwa tai. Mushe kaɗai ke ce mani yanzu shina cin abinci, yanzu shina leƙen taga. Ranar kasuwa ina da ɗa. Sauran ranakku na san inda shike." Ta share ido da gefen zane. "Shi ma ya san na sani. Ba mu taɓa hwaɗa ma juna ba, mi za a ce?"

Na fashe da kuka, irin wanda ban samu yi ba ko ranar jana'iza. Ita ce ma ta koma ba ni haƙuri. Ta ce in kira Inna yanzu-yanzu. Na kira wayar maƙwabciyarmu aka kai mata, na kara wa tsohuwa a kunne.

"Na yahe mashi duniya da lahira," in ji ta da ƙarfi, yadda tsofaffi ke yi wa waya. "In da abin yahewa. Ke kuma ki ci abinci, an ce ba ki ci."

Na karɓi wayar na ji Inna tana ta hamdala, tana kuka, can kuma na ji tana ce wa wata a dama mata fura da kauri. Na ɗauka aikina ya ƙare. Na fara gyara mayafi ina neman sallama, sai tsohuwa ta riƙe mini zane.

"Tsaya. Shiga ɗaki, akwai buhun hatsi bayan ƙohwa, ki jawo mani shi."

Na jawo shi da ƙyar. Na tambaye ta ko sayarwa za a yi.

"Sadaka za a yi. Ba a taɓa yi ma ɗana ba, ni na hana. Dangin ubanshi sun yi magana har sun gaji." Ta dafa buhun. "Ina cewa ko ƙahwa ta yi sauƙi in koma in ji inda anka kwana. To mai riƙe mani shi ya tahi. Ba ni da wurin aje shi kuma."

Ta sa na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na taimaka mata ta koma kanta, ta ja mayafi ta rufe kai. Wata maƙwabciya da ta ji motsi ta leƙo ta kan darni, ta ga tabarma, ta ga buhu, ta ga idanuna.

"Iya, lahiya? Wa ya rasu?"

"Ɗana ne," in ji tsohuwa. "Ki shaida ma mutane su zo su yi mani gaisuwa."

Allah ya jiƙansu su biyu. Ya haskaka kabarin da muka san inda yake, da wanda ba mu sani ba.